Usta Idirisu Jatau da Kukan Motar Unguwarmu

Daga Allah muke, kuma gare shi ne makomar kowa.

A ranar Litinin, goma sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1425, wadda ta yi daidai da talatin ga Agusta 2004, da hantsi, Allah ya karɓi ran Usta, wato babban makaniki, Idirisu Jatau a gidansa da ke Umbadda, cikin Umdurman, bayan jinyar mako uku. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas. Ya bar matarsa Hajja Mero, da 'ya'ya uku, Muntasir da Duha da Hanan, da jikoki tara, da gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. An sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a motar jana'iza ta Ƙungiyar Zumuntar unguwarmu. Waɗanda suka halarta za su shaida cewa motar ta yi kuka a ranar irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ni Salahuddin Mahmud Ɗantani, tsohon magatakarda a hukumar jirgin ƙasa, shugaban wannan ƙungiya kuma mai riƙe da makullin motar, na rubuta wannan takarda domin in yi ta'aziyya, kuma domin in bayyana dalilin wannan kuka, tun da yanzu na san shi.

Usta, mahaifinka ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙasa da niyyar Makka, ya tsaya noman auduga a Gezira domin ya ƙara guzuri, tsayawar da ta zama ta shekara talatin. A can aka haife ka. Ka shigo Khartum kana saurayi, ka koyi aikin mota, amma cikin motar ma sai ka zaɓi ƙafafunta kawai. Ba ka taɓa buɗe injin kowa ba. Kakan ce injin aikin masu gaggawa ne. Idan aka kawo maka mota, sai ka ɗora tafin hannu a gefenta, ka danna sau biyu, ka karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ka faɗa wa mai ita abin da ya yi mata da kuma ramin da ya yi mata shi.

Kowa ya san al'adarka ta ranar Juma'a. Kakan riga kowa fitowa daga masallaci, ka zagaya motocin da aka ajiye, kana leƙa ƙarƙashinsu da farar jallabiyarka. Wadda ka ga ƙafarta ta gaji, sai ka zana mata alama da alli a jikin taya. Ba ka magana, ba ka jiran mai ita. Manyan 'yan kasuwa da ba sa tsoron ɗan sandan hanya sukan fito daga salla suna addu'ar kada su tarar da allinka. Amma wanda ya ƙi jin gargaɗin alli, damina ta kwantar masa da taya a cikin laka, kai ne dai kake naɗe wando ka shiga ka fito da shi, ba tare da ka tuna masa ba.

Ƙungiyarmu ta samu motar jana'iza a shekarar 1994 da gudummawar jama'a. Buɗaɗɗiya ce, irin wadda ake kira boksi, aka yi mata rumfa. Hanyoyin unguwarmu kuwa sananne ne halinsu. Kowace taya ta gaba tana riƙe ne da hannun ƙarfe da ake kira magas, a gaɓoɓin hannun kuma akwai zoben roba, wato bushin, wanda ke shanye girgiza. A shekarun da takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar ya sa kayan gyara na asali suka yi wuya, robar da ake samu ba ta wuce bazara ɗaya. Rana ta dafa ta, rami ya tauna ta. Sau biyu muka tsaya da gawa a gefen hanya taya ta kalli wani wuri dabam. A farkon shekarar 2000 sai ka zo mini da kwali daga Kasuwar Libiya ta nan Umdurman, wanda ɗanka Muntasir ya samo a hannun wani mai kawo kaya daga Dubai. A ciki akwai bushin ja wur, mai tauri kamar ƙahon sa, da ƙaramin gwangwani na giris mai danƙo. Ka ce sunansa foliyuritan. Na ce ka maimaita, ka maimaita, daga nan muka bar shi a matsayin jar roba.

Na halarci aikin daga farko har ƙarshe, domin makulli amana ne. Kun ɗaga motar, kuka kwance magas huɗu, na sama da na ƙasa. Ka ƙone tsohuwar robar da wuta har sai da masu walda na maƙwabta suka zo neman ba'asi a kan hayaƙin. Ka goge cikin ramukan da yashi da tsumma har suka yi ƙyalli. Jar robar gida biyu ce, ka shafe kowanne da wannan giris, ka tura ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ka zura bututun ƙarfe a tsakiya, Muntasir ya matse da matsi. Har nan ban ga abin da ya shafi mutuncina ba.

Sai da aka mayar da komai aka sauke motar ƙasa ka bayyana ƙa'idarka. Ka ce ba ka ɗaure notin ƙarshe sai mota tana ɗauke da nauyin da aka yi ta dominsa. Motar ruwa sai da ruwa, motar gawayi sai da gawayi. Muntasir ya ce, "Baba, takardar da ta zo da shi ba ta nemi wannan ba." Ka ce, "Takardar ta taɓa bin hanyar Umbadda?" Nan da nan aka samo mutum shida daga cikin makanikai suka zauna a baya, aka ɗora angarib, wato gadon igiyar da muke ɗaukar gawa a kai. Saura mai kwanciya. Na kawo shawarar a sa buhun dawa. Ka ce buhu ba ya kwanciya irin ta mutum, nauyinsa a tsakiya yake taruwa. Sai ka dube ni da ladabi ka ce, "Ustaz, duk cikinmu kai ne mai nutsuwa. Waɗannan ko minti ɗaya ba za su yi ba sai sun yi susa."

Na yi shekara talatin da biyu a hukumar jirgin ƙasa ba a taɓa ganina ba rawani ba. A ranar na cire shi, na ajiye shi da takalmana a gefe, na kwanta. Direbanmu Jibrin ya lulluɓe ni da mayafi saboda rana. Ana cikin haka Bakhita mai shayi ta iso da tirenta. Ta ga motar, ta ga angarib, ta gane rawanin. Na ji ƙarar kofuna a ƙasa, sannan na ji muryarta tana cewa, "Allahu akbar, Ustaz Salahuddin. Ɗazu ya mayar mini da kofi wai sukari ya yi yawa. Mutumin kirki ne, ko da yake shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa shayina ya yi daɗi ba." Ba kowa Allah yake ba damar jin ta'aziyyarsa da kunnensa ba. Tawa ba ta yi tsawo ba. Na yunƙura zan tashi in gyara mata zance, sai muryarka ta fito daga ƙarƙashin mota: "Gawa ta daina motsi, saura noti biyu."

Jibrin ya rantse mini a makon nan cewa a daidai wannan lokacin ne ka yi bayanin sharaɗin jar roba. Ka ce ba ta jin rana kuma ba ta tsoron rami, amma girisinta shi ne ranta, kada a wanke shi, kada a haɗa shi da wani mai, idan ta bushe za ta yi ƙara. Na yarda ka faɗa. Kunnena yana wajen Bakhita.

A gidana motar take kwana, a cikin tsakar gida, bayan ƙofa. Tun rasuwar matata Lami na ɗora wa kaina wanke ta kowace Alhamis da safe, ni kaɗai, domin abin da ke ɗaukar Musulmi zuwa kabarinsa bai kamata ya zauna da ƙazanta ba. Alhamis ta farko bayan aikin na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, sai na ga wannan giris ya ɓullo ta gefen jar robar, ƙura ta manne masa. Na tsaya ina tunani. Abu ne da ya zo daga ƙetare, ba a rubuta da Larabci ba, ba mu san kitsen wace dabba aka sa a ciki ba. Na yanke cewa barin shakka ya fi. Na kawo garin sabulu da burushi. Da ya ƙi fita na kawo kananzir. Da na ga kananzir ba ya shiga lungu, sai na ɗauko sirinjin allura da ya rage daga jinyar Lami, na riƙa tsiyaya shi a cikin kowace gaɓa. Da na gama, domin kada ƙarfe ya zauna a bushe, na shafa masa man riɗi mai kyau, wanda iyayenmu suka yi maganin kowace gaɓa da shi.

Kafin wata ya cika motar ta fara magana. Da farko kamar ƙyauren da aka buɗe a hankali. Daga baya kamar an taka jelar kare. A ƙarshe ta samu muryar da ba ta da misali, dama ta yi ƙiii, hagu ta amsa, kuma kowane rami da nasa karin. Tun daga kwanar kasuwa ake jin mu. Mata sukan fara salati kafin a san gidan da za a tsaya. Wata rana muka ara ta domin kai kayan aure, Jibrin ya tsaya a ƙofar wata dattijuwa yana tambayar hanya, sai ta aiko jikarta ta ce a gaya mana da sauranta, ta ci abinci ma yanzu. A kan gada kuma wani soja ya tsayar da mu da gawa a ciki, ya nemi a nuna masa inda muka ɓoye awaki. Da ya leƙa ya ga gaskiya, ya cire hularsa ya yi addu'a, sannan ya ce a hankali, "Ya Hajj, ku kai ta gareji."

Na kai ta. Ka shiga ƙarƙashi, ka daɗe fiye da yadda ka saba. Da ka fito ka dube ni, ka sunsuni yatsunka, ka sake dubana. Ka ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Ustaz, a bar ta zuwa gobe." Washegari ta dawo shiru. Alhamis na wanke ta. Bayan mako biyu ta dawo da kukanta. Haka muka yi ta yi, kai kana gyarawa, ni ina tsarkakewa, kowannenmu da ikhlasi.

A babban taron ƙungiya na shekarar 2001, wanda muka yi wata biyu muna neman izininsa, na tashi na karanta takarda mai shafi uku. Na kira ta Bayani Game da Halin da Ƙafafun Motar Jama'a Suke Ciki. A ciki na ce an sa mana roba irin ta bokiti a wurin da ya kamata a sa kayan mota. Na ce ƙwarewa tana tsufa kamar yadda mai ita yake tsufa. An tafa mini. Kana zaune a layi na biyu da hularka a gwiwa. Da aka ba ka dama ka tashi ka ce, "Ustaz ya fi ni karatu. A kawo motar in duba." Ka zauna.

Daga ranar aka laƙaba maka Usta Ƙiƙi. Mutanen da ka fitar daga laka suka riƙa kai motocinsu wani wuri. Allinka na Juma'a aka fara goge shi da ƙafa. Garejin da a da sai an yi layi ya koma wurin da ake jin rediyo da rana tsaka. Na ga wannan duka, na ɗauke shi a matsayin sakamakon aiki. Har lokacin da na yi wata biyu a Wad Madani wajen 'yata, motar ta yi shiru tsawon watannin nan, na dawo ta kama kuka, abin da na fahimta shi ne jar roba tana jin sauyin iska.

Ranar da aka aiko mini cewa ka cika, na ce duk abin da ke tsakaninmu, ba za a ɗauke ka a mota mai ƙura ba. Ba Alhamis ba ce, amma na rufe ƙofa na yi mata wankin da ban taɓa yi mata ba. Sirinji uku na kananzir a kowace gaɓa. Man riɗi sabo. Abin da ya biyo baya jama'a sun ji shi. Daga gidanka zuwa maƙabarta, liman ya daina ƙoƙarin ɗaga murya. Na ji wani a bayana yana cewa, "Aikinsa ne ke yi masa rakiya." Na ji, kuma ban hana shi ba.

A rana ta uku, ana shirin kwance rumfar zaman makoki, Muntasir ya ce mahaifiyarsa tana son magana da ni. Tana cikin takaba, saboda haka na tsaya a bakin ƙofa, ita tana daga ciki. Bayan gaisuwa ta ce, "Ustaz, man riɗin nan a ina kake saya? Marigayi ya ce bai taɓa jin mai ƙamshinsa ba."



Ta ce, "Tun ranar farko ya sani. Ya dawo gida yana dariya har ya kasa cin abinci. Ya ce sabulu, kananzir, man riɗi, saura albasa. Na ce to ka gaya masa. Ya ce bari ya nemi hanya. Yana neman hanya ka karanta takardarka. Daren nan na ce wallahi idan bai faɗa ba ni zan faɗa a gidan biki. Ya ce, Mero, mutumin nan domin matattu yake yi. Idan na faɗa yanzu, bayan shafi uku, dariya za a yi masa har a karɓe makullin. Tun da Lami ta rasu makullin nan ne ke tashinsa da safe. Ni ina da ke, ina da yara, ina da giris." Sai ta miƙo wa Muntasir gwangwani ta bayan labule, ya ba ni. Ta ce, "Na biyar ke nan da ya saya. Ya ce idan ya riga ka, a ba ka, ka karanta abin da ke jiki tun da ka fi shi karatu." Muntasir ya fassara mini rubutun. Babu kitsen kowace dabba a ciki.

Usta, na yi shekara huɗu da rabi ina kwance maka aiki kowace Alhamis, na yi shekara uku ina tafiya da kai a sama a kan sunanka, kai kuma kana shiga ƙarƙashin mota kana rufa mini asiri. Ban nemi gafararka kana da rai ba domin ban san ina da laifi ba, kuma rashin sanin ma laifina ne, domin mai hankali da ya ga ka sunsuni yatsu ka dube shi sau biyu ya kamata ya tambaya. Ina neman ta yanzu a gaban jama'ar da na karanta wa waccan takarda. Aikinka ba shi da aibi. Muntasir ya duba jar robar jiya, ko tsaga babu, bayan duk abin da hanya ta yi mata da abin da ni na yi mata.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Idirisu, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Ka daidaita ƙafarsa a kan siraɗi, ka sada shi da iyayensa a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata da ta ƙungiya ga Hajja Mero, da Muntasir, da Duha, da Hanan, da jikoki, da 'yan'uwa na Gezira, da abokan aikinsa na Mantiƙa. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa.

A ƙarshe ina roƙon haɗin kan jama'a a kan abubuwa kamar haka. Sunan da aka laƙaba wa marigayi a binne shi daga yau. Wanda bakinsa ya saba, ga ni, ni ne mai shi. Wanda ya ɗauke motarsa daga garejin saboda takardata, ya mayar da ita, Muntasir yana nan kuma hannun mahaifinsa ne da shi. Makullin mota na ajiye shi a gaban kwamiti, su yanke abin da suka ga ya dace. Idan suka mayar mini, na yi alkawari wankina zai tsaya a inda taya ta fara.

Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe Muntasir zai kwance magas huɗun, ya wanke man riɗi, ya sa giris na gaskiya. Ya ce har yanzu a ganinsa ba a buƙatar nauyi wajen ɗaure noti, amma zai yi yadda mahaifinsa yake yi. Saboda haka ana neman mutum shida masu matsakaicin jiki su hallara a Mantiƙa a kan lokaci. Ba a neman mai kwanciya a angarib, an samu. Ina dai roƙon wanda ya riga isa ya sanar da Bakhita tun kafin ta ɗauko tire.

Salahuddin Mahmud Ɗantani
Umbadda, Umdurman